Ranar da Ban Tada Mota Ba

Kafin matata ta ƙarasa cewa "numfashin Baba Mai Fanka", makullin mota yana hannuna, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ina laluben sa da yatsa a ƙarƙashin kujera. Gara in faɗi gaskiya tun daga nan, tunda ko na ɓoye ita za ta tona: ni mutum ne mai son gaggawa. Ba na yi wa kowa fatan ciwo, Allah shaida. Amma idan ciwon ya riga ya zo, akwai wani abu a ƙirjina da yake miƙewa tsaye yana gyara zaman hula.

Malamin makaranta ne ni. Shekara da shekaru ina koya wa yara sunayen koguna da duwatsun da ni ma ban taɓa gani ba, kuma babu wanda ya taɓa matsa mini a hanya saboda haka. Amma in na kwantar da mara lafiya a kujerar baya, na kunna sigina duka huɗu, na ɗora tafin hannu a kan hon, sai ka ga manyan motoci suna raɓewa gefe kamar kaji sun ga shaho. A layinmu ni kaɗai ke da mota, in dai za a yi mata kara a kira ta mota. Shi ya sa aka sa mini Jiniya. Na ɗan nuna ɓacin rai da sunan, don kada a gane.

"Ka sa ɗaya takalmin mana," in ji matata. "Ko shi ma imajensi za ka kai shi?"

Na zura takalmin. Na tsallaka titi da gudun da ya dace da shekaruna.

Ɗakin Baba yana bayan shagonsa, ƙofa ɗaya ce ta raba su. Duk fankar da aka kawo gyara mai ita bai dawo ba, a ɗakin nan take ƙarewa: ta tsaye, ta tebur, ta bango, wata ba murfi, wata fiffikenta ɗaya aro ne daga wata. Tun da numfashi ya fara yi masa gardama ya jona su gaba ɗaya. Kana shiga iska za ta tarbe ka ta kowane gefe. Labule ya kumbura ya ƙi saɓewa, rigunan da ke rataye a ƙusa suna ɗaga hannu, fankokin kuma suna juya kai dama da hagu a hankali, kamar dattawan da aka kawo wa magana ba su gamsu ba. A tsakiyar wannan duka Baba yake zaune, an tokare bayansa da matasai, bakinsa a buɗe, kafaɗunsa suna hawa da sauka.

"Baba, tashi mu tafi. Mota na waje."

Ya ɗaga yatsa ɗaya. Sai da ya tara iska sannan ya ce, "Jiniya... zauna... ka tare mini iska."

Ina cikin zama Sista ta shigo da jakarta, tana naɗe lema. Ashe matata ta kira ta kafin ta gaya mini. Aure in ya daɗe, mutum yakan san matsayinsa a jerin waɗanda ake kira.

Sista ita ce mai kula da ƙaramin asibitin sha-ka-tafi da ke bakin layinmu. Gajeriya ce, ba ta sauri, kuma ban taɓa ganin ta makara ba. Ta sa abin sauraro a bayan Baba, ta rufe ido tana ji. Ta danna ƙaurinsa da babban yatsa, gurbin ya zauna kamar an danna ƙullu.

"Baba, ƙwayar fitsarin nan, yaushe rabonka da ita?"

"Na sha."

"Na san ka taɓa sha. Yaushe?"

"Shekaranjiya."

"Jiya fa?"

"Jiya ina naɗin kwayil ɗin fanka... 'yar nan. Mutum ba ya naɗin kwayil... yana zaryar bayi. Lissafi zai ɓace."

"To ga shi ruwan da ka ƙi kaiwa bayi ya hau ƙirji yana neman ka." Ta fasa kwalbar allura. "Malam Jiniya, tunda ka zo da ƙarfinka, miƙo mini bokitin can."

Haka na ƙare a ranar: riƙe da bokiti, makulli a aljihu. Kafin inuwa ta bar bakin ƙofa numfashin Baba ya sauko, har ya fara faɗa wai an karkatar masa da fankar tebur.

Kafin a buɗe ɗan asibitin nan, duk abin da ya sami mutum a layinmu babban asibiti ake nufa, can ƙarshen gari, sashen gaggawa, domin ita ce ƙofa ɗaya da ba a ce maka ka dawo wani makon. Na kai tela da shaƙuwar da ta kwana ta wuni. Na kai matar mai burodi da ƙwaro a kunne. Na kai mahauci da maruru a wurin da ya sa dole ya yi tafiyar a durƙushe, kansa ta taga, yana taya ni korar masu babur. Mu isa, mu zauna a benci daga hantsi har rana ta juya, a ba mu ƙwayar da ba ta fi ƙwayar gero ba, mu dawo ina jin kamar na ciro mutum daga rijiya.

Inna ma ni na kai ta, matar Baba. Ita ba mai raki ba ce. Cewa kawai ta yi ƙirjinta ya yi nauyi. Ashe jininta ya daɗe da hawa, shekaru, babu wanda ya taɓa auna shi, don ba wanda zai ƙetare gari ya wuni a benci a kan ciwon kan da yake zuwa ya tafi. Ranar wurin a cike yake maƙil. Aka zaunar da ita tsakanin wani mai ciwon haƙori da ya ɗaure haɓa da ƙyalle da wani yaro mai mura. Masu kururuwa aka fara dubawa, haka abin yake, ma'aikatan hannu bibbiyu gare su. Can ta jingina kai a kafaɗar Baba. Ya ɗauka barci ne. Har ya roƙi uwar yaron ta rarrashe shi, kada ya tashe ta. Ashe ta riga ta cika.

Ban taɓa jin ya zagi kowa a kan wannan ba. Da na taɓa cewa masu ƙananan ciwo ne suka cinye mata layi, sai ya dube ni ya ce, "Mai haƙorin fa, ina zai je?" Bai ƙara da cewa ni ne babban mai jigilar irinsu ba. Baba mutum ne mai kawaici.

Bayan shekara biyu ko uku aka buɗe ɗan asibitin, a ginin da a da ake ba da hayar kujeru. Ɗaki biyu, shuɗin fenti, benci a gindin bishiya, Sista kullum, likita wasu ranaku. Na ce a raina, mu ga yadda ɗaki biyu za su ɗauki ciwon layin nan. Suka ɗauka. In zan wuce makaranta da safe, a ƙafa, don ba nisa, sai in ga mutanena a jere a benci, hannun riga a naɗe ana jiran awon jini, ana hira kamar wurin aski. Tela ya ɗaga mini hannu: "Jiniya, kwana biyu! Ko an yi ritaya ne?" In yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba.

Sau ɗaya Sista ta neme ni da kanta, ranar da haihuwa ta zo wa matar mai wanki da zubar jini. "Malam, yau ranarka ce," ta ce. "Danna hon ɗin nan har ya ƙone." Na danna. Da muka isa, benci rabinsa babu kowa, aka wuce da ita ciki kafin in kashe mota. Uwa da ɗa suna nan lafiya. Na yi wata guda ina ba da labarin, har matata ta fara ƙarasa mini shi.

Sista ce ta gano zuciyar Baba ta kumbura. Ta haɗa shi da likitan zuciya a babban asibiti, aka ba shi rana da lokaci, na kai shi ba hon ba sigina, kamar mai dakon ƙwai. Likitan ya duba hotuna, ya yi bayani a tsanake: zuciyar ta gaji, magani zai sauƙaƙa, amma ba zai mayar da ita yadda take ba.

"Kwayil ya ƙone ke nan," in ji Baba. "Ba a sake naɗi?"

"Ba a sakewa, Baba."

"To ai ni ma haka nake gaya wa mutane. Sai su ce in dai ƙara dubawa."

Ranar bokitin nan, bayan ya samu kansa, ya sa Sista ta dakata, ya kira ni kusa da gado.

"Jiniya, in ranar ta zo, kada ka kai ni bencin babban asibitin nan."

"Haba Baba, wace irin magana..."

"Na ga yadda ake tafiya a can. Fitila fara, ƙafafu suna wucewa, ba ka san na wa ba. Ni a nan nake so, cikin iskata."

Na dubi Sista, ina jiran ta tsawata masa. Ta zuge jakarta ta ce, "Mun zauna da likita da shi, mun yi maganar. In ƙafa ya karya, ni zan fara ƙwala maka kira. Amma wannan, abin da za a yi masa a can shi nake yi masa a nan. Abin da za su ƙara masa jira ne."

"Ka ji?" in ji Baba. "Ka yi alkawari."

Na ce to.

Da yamma Auta ta kira, 'yarsa ɗaya tilo, tana aiki a wani gari mai nisan wuni guda a mota. Tun tana rarrafe take ce mini Baffa.

"Baffa, na ji abin da ya faru. Don girman Allah, in abin ya sake tashi ka kai shi babban asibiti. Kada ka saurare shi, ka san Baba da taurin kai. Kai ne mai mota. In ka bar shi a ɗakin nan, ban san yadda zan dube ka ba."

Na ce to.

Ni mutum ne da bai iya cewa a'a a waya ba. Ido da ido ma, in an duba, ban cika iyawa ba. Na dawo gida da alkawari biyu masu kallon gabas da yamma, matata ta saurare ni ta ce, "Sannu, mai raba gardama."

Makonnin da suka biyo baya, in na taso daga makaranta ɗakin Baba nake zarcewa. Sista takan leƙo da safe ta ɗora shi a sikeli, ta ƙirga masa ƙwayoyi a murfin kwalba, ta tsaya sai ya haɗiye. Ni nawa aikin zama ne. Zafin rana yana waje, mu muna cikin wannan iska mai zuwa ta ko'ina, ƙarar fankoki ta haɗu ta zama abu ɗaya, kamar ruwan sama a wani gari na nesa. Mutum bai san sanda yake barci ba, bai san sanda yake farke ba.

Yakan gabatar mini da su ɗaya ɗaya. "Waccan ta wani alƙali ce, shi ya sa ba ta juya kai. Wannan ta mai gidan hoto ce, ƙara ta fi aiki yawa. Waccan doguwar ta wata amarya ce, ta kawo ta tana kuka, ta ce za ta dawo jibi. Yanzu ina jin ta yi jika." Wata ƙarama shuɗiya a kan kujera, daidai fuskarsa, ita ce bai faɗi mai ita ba, ni kuma ban tambaya ba, don na sha ganin ta a kicin ɗin Inna.

Wata rana ya buɗe ido ya ce, "Jiya ɗakin nan ya tashi."

"Ya tashi ina, Baba?"

"Sama. Iskar ta yi yawa, sai ya saki ƙasa. A hankali dai, ko ruwan kofi bai zube ba. Muka bi ta saman rufinku. Ƙwallon yaranka da ya ɓata yana nan bayan tankin ruwa. Muka wuce makarantarku, na hango ka kana nuna wa yara teku da sanda."

"Ina dai koyarwa da kyau?"

"Rabinsu barci suke." Ya yi murmushi. "Na ga Innarku tana shanya. Ba igiya. Sai ta ɗora zane a kan iska, ya tsaya."

Na ce masa magani ne yake sa shi mafarki. Amma da na miƙe zan tafi, sai da na taka dandamalin ƙofa a hankali, na tabbatar titi yana inda na bar shi.

Ranar da abin ya zo ba makaranta. Hantsi ne, rana ta fito fes, mata suna shanya, wani yana wanke babur a bakin famfo. Matata ta shigo, wannan karon ba ta yi wasa ba. "Sista ta ce ka zo."

Numfashin ya canza. Yakan ja da ƙarfi, ya tsaya, har ka fara ƙirga fankoki, sannan ya dawo. Sista tana zaune a bakin gado, ta riga ta ba shi abin da zai rage masa wahala, hannunta ɗaya a wuyan hannunsa. Ta dube ni ta gyaɗa kai sau ɗaya. Wayata ta yi ƙara. Auta ce, Sista ta sanar da ita tun da safe, tana cikin motar haya.

"Baffa, kun tafi? Kuna hanya? Ban ji ƙarar mota ba. Baffa, ƙarar fanka nake ji! Ka ɗauke shi, don Allah ka ɗauke shi, ka tada mota!"

Ban san sanda na kai bakin ƙofa ba. Ga motar can tsallaken titi a gindin bishiya, hancinta yana kallon hanya. Na san kowane rami daga nan zuwa babban asibiti. Na san inda zan yanke, na san mai gadin ƙofa. Abu ɗaya ke nan a duniya da na iya, kuma yarinyar da na sha ɗauka a kafaɗa tana kuka a kunnena in yi shi. Makullin ya huda mini tafin hannu.

Na waiwaya. Idon Baba a buɗe yake, yana kaina. Ba roƙo a ciki, ba faɗa. Irin kallon da yake yi wa fanka ne bayan ya gama gyara ya jona ta, yana jira ya ga ko za ta tashi.

Na koma. Na buɗe hannunsa na sa makullin a ciki, na rufe yatsunsa a kai.

"Auta," na ce, "ba za mu je ba. Ga shi, yi masa magana. Yana jin ki."

Ta kira sunana da wata irin murya da har yau nake ji. Sista ta karɓi wayar ta kara a kunnensa. Daga inda nake ina jiyo kukan, sirit, kamar sauro. Can kukan ya sauka ya koma magana. Ban san me take gaya masa ba. Na dai ji ta ambaci gada, da wasu shanu a bakin hanya, ina jin abin da take gani ta taga take faɗa masa. Leɓensa ya motsa. Matata tana tsaye a kansa tana karanta masa abin da ake karantawa, a hankali. Labule ya kumbura. Rigunan ƙusa suka ɗaga hannu. Ya ja numfashi ya tsaya, muka jira, fankoki suka juya dama, suka juya hagu, suka sake juyawa dama.

Sista ta sa abin sauraro ta daɗe. Sannan ta shafa idonsa, ta ɗauki wayar ta fita da ita waje.

Matata ce ta bi fankokin tana kashewa ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta ɗan ci gaba da juyawa kafin ta haƙura. Da ta ƙarshe ta tsaya, labule ya sauka ya kwanta a jikin taga, sai ga ƙarar famfo, da tsuntsaye, da wata mata can tana kiran ɗanta. Ashe duk makonnin nan layin yana nan yana harkarsa. Na zare makullin daga hannunsa. Da ɗuminsa.

Da yamma, bayan mun raka shi mun dawo, aka ce motar su Auta ta kusa shiga tasha. Na ce ni zan ɗauko ta. Ina tsallaka titi ina shirya abin da zan faɗa mata. Zan ce, 'yata, na yi shekaru ina gudu da mutane, amma tafiyar da ta fi kowace wuya ita ce wadda ban yi ba. Zan ce mota tana nan, hanya tana nan, ni ne na zaɓa. Har na ji maganar ta yi mini daɗi, na maimaita ta sau biyu, na ga kaina ina faɗa idona a kan titi, ita tana share hawaye tana gyaɗa kai.

Na share ganyen da ke kan gilashi, na zauna, na murɗa makulli.

Ƙas.

Na sake murɗawa. Ko fitilar gaban sitiyari ba ta kawo ba.

Bakaniken layinmu yana cikin masu zaman gaisuwa a ƙofar shago. Ya taso, ya buɗe gaban motar, ya goga wayar wuta a kan batir, ya sake gogawa, ko tartsatsi. Ya goge hannu a wandonsa.

"Malam Jiniya, yaushe rabonka da tada ta?"

Na fara ƙirga kwanaki da yatsu.

"Ai wannan batirin ya riga Baba tafiya," ya ce. "Ya yi sati biyu, ko fi."